Amsoshin Tambayoyinku: Ban da ƙwallo, me ake gani a Mancesta?

Wani mai karatu daga Zariya ya ce zai je Ingila duba ɗansa da ke karatu a Mancesta, shi kuwa ƙwallo bai dame shi ba. An ce masa garin masana'antu ne, daga hayaƙi sai tsofaffin gine-gine. To, me zai kalla?

Madalla da wannan tambaya, Malam. Wanda ya ba ka labarin hayaƙi bai yi ƙarya ba, sai dai labarin nasa ya kwana biyu. A ƙarni na 19 Mancesta ce cibiyar saƙar auduga ta duniya, yadinta har kasuwanninmu ya iso. Atamfar ABC da iyayenmu mata suke ji da ita, a Hyde aka daɗe ana buga ta, wani gari a gefen birnin. Daga baya masaƙun suka durƙushe, kamar yadda na Kakuri a Kaduna suka yi.

Abin da ya burge ni da mutanen garin, ba su bar gine-ginen duka sun zama kufai ba. Ka fara da Royal Exchange, katafaren zauren da dillalan auduga suke haɗuwa su yanke farashi. An daina ciniki a nan a 1968, aka mai da shi gidan wasan kwaikwayo a 1976. In ka shiga ka ɗaga kai, za ka ga allon farashin ranar ƙarshe yana nan, ba a taɓa lambobinsa ba. Daga nan ka wuce gidan tarihin kimiyya da masana'antu, wanda ke harabar tashar jirgin ƙasa ta 1830, mafi tsufa cikin tashoshin fasinja da suka rage a duniya. Akwai kuma ɗakin karatu na John Rylands da aka buɗe a 1900. Matar Rylands ɗin, Enriqueta, ce ta gina shi da dukiyar auduga bayan rasuwar mijinta, kuma cikin taskar ɗakin har da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci. Shiga kyauta ce.

In ƙafa ta gaji, lambun shaƙatawa na Heaton ya kai eka 600, ga tafki ga bishiyoyi. Na Mayfield kuwa sabo ne, a 2022 aka buɗe shi a tsohon filin masana'antu.

Abincin halal ba zai ba ka wuya ba, musamman a unguwar Rusholme. Ka dai riƙe lema da rigar sanyi, don ruwan garin ba ya sallama. Allah ya kai ka lafiya, a gaishe da ɗalibi.