Ɗakin da Babu Kowa a Ciki: Yadda Ake Zaɓen Kwanturolan Sanyi na Turakun Sadarwa

Ko a Darmanawa kake zaune, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko cikin Tarauni, da wuya ka ɗaga kai ba ka hango turken sadarwa ba. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne abin da ke gindinsa: wani ɗan ɗaki kamar kwantena, ko kuma akwatin ƙarfe, an kewaye shi da katanga, ga janareta a gefe. A nan kayan aikin suke. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 irin waɗannan wurare suke ta ƙaruwa, kuma a yau yawancinsu suna hannun kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su IHS da ATC, su kuma MTN da Airtel da sauransu suna hayar gurbi a kai.

Babu injiniyan da ke kwana a ɗakin nan. In ma akwai maigadi, ƙofa yake gadi, bai san abin da ke gudana a ciki ba. Mai tsaron ɗakin na gaskiya wata 'yar na'ura ce da ba ta fi littafin darasi girma ba, wato kwanturola. Ita ke yanke hukuncin yaushe esi zai tashi, yaushe zai huta, yaushe za a kunna fanka, yaushe kuma za a yi kururuwa a kira mutane. In ta yi kuskure da tsakar ranar Afrilu, kayan su yi zafi su kashe kansu, sabis ya ɗauke. Mai POS a bakin titi ya tsaya cak, 'yan kasuwar waya ta Farm Centre su kasa karɓar kuɗi, mai jinya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya kasa kiran gida. Wanda ya ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya san abin da ɗaukewar sabis ke nufi.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen lantarki, kanikanci da kwamfuta masu shirin fita siwes ko neman batun furojet, ga darasin a taƙaice: ba a zaɓen kwanturola saboda abin da take yi ranar da komai ke lafiya. Ana zaɓenta ne saboda abin da za ta yi ranar da wani abu ya lalace, kuma babu kowa a wurin.

Me ake karewa?

Abu biyu ne a ɗakin, kuma jurewarsu ba ɗaya ba ce. Na farko kayan sadarwa da rektifaya, wadda ke mayar da wutar nefa ko ta janareta zuwa wutar batir mai bolt 48. Waɗannan suna da ɗan haƙuri, da yawansu an ƙera su su yi aiki har wajen digiri 40. Na biyu batira, kuma su ne 'yan lelen ɗakin. Batirin dalma irin na rufe-ruf ana lissafin shekarunsa ne a kan digiri 20 zuwa 25. Ƙa'idar da masu ƙera shi suke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage rabin rayuwarsa. Batirin da aka ce zai yi shekara 10 a digiri 25, in ka bar shi a 35 shekara 5 zai yi, a 45 kuwa biyu da rabi. Kuma ba ya ƙorafi. Sai ranar da aka ɗauke wuta, janareta ya yi jinkirin tashi, sannan za ka gane ya daɗe da mutuwa.

Batirin litiyam, wanda ke ta maye gurbin na dalma, ya fi jure zafi, amma shi ma zafi na tsufar da shi. Shi ya sa a sababbin wurare za ka ga an kai na'urorin rediyo can saman turke kusa da eriya, an sa batira a akwati na daban da ɗan ƙaramin esi, sauran kayan kuma fanka ta ishe su. Kafin ka tambayi kuɗin kwanturola, fara sanin wane irin wuri ne za ta tsare.

Lissafi kafin sayayya

Kusan duk wutar da kayan cikin ɗaki suka sha, zafi take komawa. Mu ƙaddara kayan suna fitar da kilowat 3, rana kuma tana turo kilowat 1 ta bango da rufi a bazara. Jimla kilowat 4 ke nan. Kilowat ɗaya daidai yake da BTU 3,412 a awa, don haka muna buƙatar cire kusan BTU 13,650 kowace awa. Esin da ake kira doki ɗaya da rabi a kasuwa yana ba da kimanin BTU 12,000, ka ga bai kai ba. Mai doki biyu, kimanin 18,000, shi zai iya.

To amma akwai tarko a nan. Ƙarfin da aka rubuta a jikin yawancin esi an auna shi ne lokacin da zafin waje yake digiri 35, abin da ake kira ajin T1. Mu kuwa a Kano, a Afrilu da Mayu zafi kan kai 40, wani lokaci ya haura. Da zafin waje ya hau, ƙarfin esi sai ya sauka. Ajin T3, wanda ake aunawa a digiri 46, shi ya dace da mu. Kuma guda biyu ake sawa, kowane da ƙarfin ɗaukar ɗakin shi kaɗai. Kwanturola ba ta ƙara wa esi ƙarfi. In lissafin nan ya karkace, komai tsadarta aikin banza ne. Tun ran gini ran zane.

Abin da dole ta iya

Na ɗaya, karɓa-karɓa. Esi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na hutu, su riƙa musanya bayan awannin da ka saita, don kada ɗaya ya tsufa ya bar ɗan'uwansa. In mai aiki ya gaza, ko zafi ya fi ƙarfinsa, mai hutu ya tashi da kansa. Misali, na farko ya tashi a digiri 27 ya tsaya a 24, na biyu ya shigo a 30, a aika gargaɗi a 35. Waɗannan lambobi misali ne kawai, takardar batirinka ce za ta faɗa maka na gaskiya.

Na biyu, tazara da jinkiri. Lura da cewa a misalin can akwai digiri 3 tsakanin tashi da tsayawa. In babu wannan tazara, kwampireso zai yi ta kunnuwa yana mutuwa kowane minti, kuma babu abin da ke kashe shi da wuri kamar haka. Bayan ya tsaya, yana buƙatar kamar minti 3 zuwa 5 kafin matsin gas ya daidaita a sake tayar da shi. Dole kwanturola ta riƙe wannan lokaci ko da wuta ta ƙifta ta dawo nan take.

Na uku, sanin halin wutarmu. A wurin da ake sauyawa tsakanin nefa, janareta, sola da batir sau da yawa a rana, kwanturola tana buƙatar abu huɗu: ta ci daga batirin bolt 48 don kada ta mutu tare da wuta, ta tuna saitinta bayan an kashe ta, ta tayar da esi da kanta ba sai an danna rimot ba, sannan ta hana kwampireso tashi in wutar ta yi ƙasa ko ta yi sama da yawa daga bolt 230. Haka kuma kada ta tayar da esi biyu lokaci guda. Kwampireso irin na da yakan ja ninki biyar ko fiye na wutar da ya saba ja a daidai lokacin tashi, biyu a tare suna iya durƙusar da ƙaramin janareta.

Na huɗu, fankar ceto. In esi biyu duk sun tsaya, ko babu nefa babu janareta, kwanturola ta buɗe kafar iska ta kunna fanka mai aiki da batir. Ba za ta sanyaya ɗakin ya fi waje ba, amma digiri 44 ya fi 60. In kuwa na'urar gano hayaƙi ce ta yi ƙara, akasin haka ake so: a kashe esi da fanka, a rufe kafa, kada a hura wa wuta iska.

Na biyar, baki. Kwanturolar da ba ta iya kai rahoto ba, kurma ce a ɗakin duhu. Kamfanoni suna da cibiyar da ke sa ido a kan dubban wurare dare da rana. Tambayi wane harshe cibiyar take ji: Modbus ta wayar RS-485, ko SNMP ta intanet, ko kuwa rile kawai mai buɗewa da rufewa. Kuma ta riƙa ajiye tarihin zafi da na gargaɗi a cikinta, don in layi ya yanke, injiniyan da ya zo ya karanta abin da ya faru.

Hunturu: riba da tarko

A Disamba da Janairu, daren Kano kan sauka ƙasa da digiri 15. Kona dizal don kunna esi a irin wannan dare asara ce, tunda ga sanyi kyauta a waje. Kwanturola mai kyau tana da sensa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. In waje ya fi sanyi da 'yan digiri, sai ta kashe esi ta jawo iska da fanka. Ga lissafinsa: zafin da iska ke ɗauka a kilowat ya yi kusan 1.2 sau yawan iska a mita-kubik kowace daƙiƙa, sau bambancin zafi. Da dare babu rana, saura kilowat 3 ɗinmu. In bambancin digiri 5 ne, muna buƙatar rabin mita-kubik a daƙiƙa, wato 1,800 a awa. Fankar da za ta yi wannan ba ta shan ko kusa da abin da esi ke sha.

Sai dai lokacin da sanyi ya fi samuwa shi ne lokacin da ƙura ta fi yawa. Hazon hunturu yana toshe filta cikin ɗan lokaci, in kuma filtar ta yage, ƙurar ta kwanta a kan allunan lantarki, ta jira laimar Agusta ta zama taɓo mai ɗaukar wuta. Don haka nemi kwanturolar da ke auna bambancin matsin iska gaba da bayan filta, ta sanar in ta toshe, ta koma kan esi. Ta kuma iya auna laima, don kada ta jawo jiƙaƙƙiyar iska a damina. In a waje za a kafa akwatin, duba lambar IP: lamba ta farko ta ƙura ce, 5 na nufin ƙura kaɗan ce ke shiga, 6 na nufin ba ta shiga sam, ta biyu kuma ta ruwa ce. A toshe duk ramin da waya ta bi. Karin maganar nan ta bango da ƙadangare, a wannan sana'a ba karin magana ba ce, aikin yau da kullum ne.

Batun ɗumamawa fa? Yawancin kwanturololi ana ƙera su da gurbin hita, domin a Kanada ko arewacin Turai sanyi na iya hana batirin litiyam caji, tunda ba a cajinsa ƙasa da digiri sifiri. A Kano ba mu da wannan matsala, kayan ma da kansu suna ɗumama ɗakin. Kada ka biya kuɗin babbar hita. Iyakar abin da za ka iya buƙata shi ne 'yar ƙarama a akwatin waje, don hana raɓa taruwa a damina. Abin lura ɗaya: kwanturola ta kasance ba za ta taɓa kunna hita da esi tare ba.

Gwaji biyar a gaban mai sayarwa

Takardar talla kowa ya iya bugawa. Ko a Sabon Gari za ka saya, ko wakilin kamfani ne ya kawo, ce masa a haɗa a gwada.

Cire wayar sensa. Mai kyau za ta gane sensa ta mutu, ta bar esi a kunne, ta aika gargaɗi. Maras kyau za ta ɗauka ɗakin ya yi sanyi ta kashe komai.

Yanke mata wuta, ka mayar. Ta dawo da saitinta? Ta jira mintunan kwampireso?

Kashe esin da ke aiki daga burekarsa. Minti nawa kafin na biyu ya karɓa?

Rufe filta da kwali. Ta lura?

Kashe kwanturolar kanta gaba ɗaya. Nan ne ake gane gwani: ya kamata a haɗa rile ta yadda in kwanturola ta mutu, esi ɗaya zai ci gaba da aiki a kan nasa ma'aunin.

Bayan nan sai tambayoyin aljihu. Akwai kayan gyaranta a Kano, ko sai an jira daga Legas? Sensarta irin ta gama-gari ce da za a samu a kasuwa? Tana da kariya daga tsawa, tunda turke ne abu mafi tsawo a unguwa? Saitinta yana da lambar sirri, don kada kowane mai zuwa ya murɗa yadda ya ga dama? Araha ba ta ado. Abin da ka rage a kuɗin kwanturola, jerin batir ɗaya da ya mutu kafin lokacinsa zai cinye shi ya nemi ƙari.

Ga masu neman furojet

Wannan ilimi bai tsaya a turakun waya ba. Ɗakin batiran sola na ƙauye, akwatin rijiyar burtsatse mai sola, ɗakin na'urar cirar kuɗi ta banki, duk matsalarsu ɗaya ce. Da allon Arduino, sensa biyu irin DS18B20, rile huɗu da ƙananan fankoki, rukunin ɗalibai uku za su iya gina samfurin da ke yin karɓa-karɓa, jinkiri da jawo iskar waje. Ku sa masa agogon tsaro wanda zai sake tayar da shi in manhajar ta daskare. Ranar kare furojet, kada ku tsaya nuna yadda yake aiki kawai. Ku miƙa wa malami wayar sensa ku ce ya cire da hannunsa.

Wanda kuma siwes ya kai shi irin wannan wuri, kada ya shiga sai da izini da rakiyar injiniya, kuma ya cire zobe da agogon ƙarfe kafin ya kusanci batir, don bolt 48 ba ya fizgar mutum sosai, amma gajeren haɗi a jerin batira yana narkar da sifana. In ka shiga, nemi kwanturolar a bango, ka karanta saitinta, ka tambayi ogan naka dalilin kowace lamba.