Shawara Ga Masu Niyyar Sake Gina Gadar Birni

Ya ku waɗanda Allah ya ɗora wa amanar jama'a, ku sani cewa gadar da dubban motoci ke bi kullum ba a jiran ta faɗi kafin a yi tadabburin sake ta, domin gadar Morandi ta birnin Janowa a Italiya, wadda tsatsa ta cinye ƙarafan cikinta, ta rushe a watan Agustan 2018, ta halaka mutum 43, ba a kuwa buɗe madadinta ba sai 2020.

Saboda haka wajibi ne a fara da binciken ginshiƙai da harsashi, a ƙididdige motocin da ke wucewa safe da yamma, sa'an nan a tanadi hanyar ratse, a kawar da bututun ruwa da wayoyin lantarki tun kafin a ɗaga guduma. In hali ya yi, a gina sabuwa a gefe, tsohuwa tana aiki. A yi shawara da 'yan kasuwa da maƙwabta, a biya diyya bisa adalci, kada kuma a soma rushewa alhali kuɗin kammalawa bai shiga hannu ba.