Bawul ko Tiransista: Wace Amfilifaya Ce Ta Fi Ƙarko?

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen lantarki, wannan tambaya takan zo a jarrabawa, takan kuma zo daga bakin kwastoma a shagon gyara. To, bari mu duba ta da kyau.

Amfilifaya mai bawul ita ce tsohuwar hannu. Lee de Forest ya ƙirƙiro bawul mai ƙafa uku a 1906, tiransista kuwa sai a 1947 aka samar da ita a Bell Labs da ke Amurka. Bawul kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, kuma ba ta aiki sai an gasa katod ɗinta ya riƙa fitar da elektron. Wannan gashi shi ke cinye ta a hankali. Manyan bawul irin su EL34 da 6L6 sukan gaji bayan 'yan dubban awoyi, ƙanana irin 12AX7 sukan fi daɗewa sosai. Amma fa gyaran da sauƙi: ka zare tsohuwa daga soket, ka sa sabuwa, ka daidaita bayas, shi ke nan.

Tiransista ba ta da abin da ke ƙonewa a hankali haka, tana iya shekaru da dama lafiya lau. Matsalarta mutuwar farat ɗaya. Wayoyin sifika suka haɗu, ko aka jera sifiku da yawa har lodin ya sauka ƙasa da om 4 da aka tsara mata, sai ta ƙone nan take, wani lokaci ta ja sifikar su tafi tare. Ita kuma mai bawul akasin haka take: ka kunna ta babu sifika, tiransfomar fitar da sauti ce za ta lalace, ga tsada.

Akwai kuma abin da ke kashe su duka biyun, wato kafasito mai ruwa a ciki. Ƙa'idar ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Ka tuna zafin Afrilu a Sakkwato da ya kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga wutar janareta tana hawa da sauka. Ka ga ke nan muhalli ya fi nau'in na'ura tasiri.

Don haka a masallaci, ɗakin taro ko wurin biki, mai tiransista ta fi dacewa: ba ta cin wuta sosai, tana jure jijjiga, kayan gyaranta na nan a kasuwa. A haɗa ta da sitabilaiza, a bar mata iska, a riƙa share ƙura.

Gargaɗi ga masu firaktikal: mai bawul tana aiki da bolt 300 zuwa 500, kuma kafasitocinta na iya riƙe caji bayan an cire filogi. Ka sauke cajin, ka auna da mita, kafin ka sa hannu.