RAWANIN SORO DA BEL NA INJI

Abin karatu: Kubawar Shari'a 22:8, Fitowa 21:18-19, 28-29, Yaƙub 5:4.

'Yan'uwa, a ƙasar Tambuwal da Kebbe aikin da mata suke yi da turmi da dutsen niƙa a dā, yanzu inji ya karɓi mai yawa daga ciki. Akwai injin niƙa, da injin casar shinkafa, da injin ban ruwa a fadama. Mun gode wa Allah domin wannan sauƙi. Amma inji ba ya rarrabe hatsi da hannu. Bel da aka bari a buɗe yakan fizgi hannun riga ko bakin mayafi, kafin a kashe inji yatsu sun tafi.

Bari mu duba abin da Allah ya umurci Isra'ila. Wanda ya gina sabon gida, dole ya ja wa soron rawani, domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau kan gidan. Ku lura, tun lokacin gini ake jan rawanin, ba a jira sai wani ya faɗi. Haka kuma mai san da ya saba tunkuyi: idan an gargaɗe shi bai tsare shi ba, laifin kisan yana wuyansa. Wanda ya ji wa ɗan'uwansa rauni kuwa, sai ya biya shi kwanakin da ya rasa na aiki, ya ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke.

Dokar ƙasarmu ma ta bi wannan hanya. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ce a rufe sassan inji masu haɗari, ta kuma ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ikon shiga su duba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta sa mai ba da aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF take riƙe da shi. Ba a yarda a cire kuɗin nan daga ladan ma'aikaci ba. Wanda ya ji rauni ya sanar da maigidansa cikin kwana 14. Maigidan kuma ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7. Neman diyya kuwa cikin shekara 1 ake yinsa. Jinkiri yakan sa mai haƙƙi ya rasa haƙƙinsa.

Wani zai ce, ai ƙaddara ce. Gaskiya ne ranmu yana hannun Allah, amma Allahn nan shi ne ya ce a ja rawani. Wani kuma zai ce sufeto ba ya zuwa ƙauyenmu. To, mai bi ba ya jiran idon sufeto. Yaƙub ya koya mana cewa kukan ma'aikacin da aka danne wa haƙƙi yana kaiwa kunnen Ubangiji.

Saboda haka, mai inji ya sa wa bel murfin ƙarfe. Ya hana ƙananan yara tsayawa kusa. Yaron inji ya sa riga mai kama jiki, ya kashe inji kafin ya sa hannu ya cire abin da ya toshe. Idan rauni ya auku, dattawan ekklesiya su taimaka a rubuta ranar da sunayen shaidu, a adana takardun asibiti, kada a sallami mai rauni da ɗan kuɗin magani kawai.

Tambayoyi:
1. Don me aka ce a ja rawani tun lokacin gini?
2. Kwana nawa mai rauni yake da shi domin ya sanar?
3. Wane inji ne a garinku yake bukatar murfi, wa kuma zai yi wa mai shi magana a makon nan?

Mu yi addu'a domin waɗanda inji ya naƙasa, da iyalansu.