Darasi na 14: Idan Famfo Ya Fara Jan Hannu

Ka taɓa kama famfon banɗaki ko hannun firij ka ji kamar an soka maka allura? Mutane da yawa sukan yi dariya su ce ɗan ja ne kawai. Kada ka bi su. Wannan jan alama ce cewa wutar lantarki ta bar hanyarta, tana neman shiga ƙasa ta jikinka.

A unguwar GRA ta Bauchi akwai gidajen da aka gina shekaru da dama da suka wuce. Wayoyin wasunsu sun tsufa, ga shi kuma an ƙara musu nauyin na'urar sanyaya ɗaki, da injin jan ruwa, da janareta, da batiran sola. A irin waɗannan gidaje ya kamata kowa ya san yadda ake gano matsala.

Wayoyi uku

Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Jos yake kawo wa gidajen Bauchi tana da ƙarfin bolt 230. A bayan soket mai rami uku akwai waya uku. Ta farko tana kawo wuta, ta biyu tana mayar da ita, ta uku kuwa ita ce wayar ƙasa. A tsofaffin gidaje launinsu ja ne da baƙi da kore. A sabon tsari, wanda Ingila ta fara bi a 2004, mai kawo wuta ruwan ƙasa ce, mai mayarwa shuɗiya, wayar ƙasa kuma kore da rawaya. Kada sunan launin ya ruɗe ka: waya mai launin ruwan ƙasa ita ce mafi haɗari.

Wayar ƙasa tana haɗa jikin firij ko injin ruwa da wata sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa a bayan gida. Idan robar waya ta ɓare, wuta ta taɓa ƙarfe, sai ta bi wannan hanya, na'urar kariya ta katse ta. Amma idan tsatsa ta ci mahaɗin sandar, ko magina sun yanke wayar, to jikinka ne zai zama hanyar. Ƙasar Bauchi tana da duwatsu, kuma a lokacin hunturu takan bushe ƙwarai. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, saboda haka sandar da ta yi aiki da damina tana iya gazawa da rani.

Yadda ake neman matsalar

Da farko, lura. Wane abu ne yake ja? Kullum ne, ko sai an kunna injin ruwa, ko bayan ruwan sama? Rubuta abin da ka gani, kada ka sake gwadawa da hannunka.

Na biyu, kashe babban makunnin gida. Ka tabbata an kashe janareta da na'urar sola, domin su ma suna ba da wuta.

Na uku, zare filogin kowane abu, sannan ka duba da ido. Nemi soket da ya yi baƙi, ko warin ƙonewar roba, ko wayar da ɓera ya ci, ko bango mai danshi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na huɗu, kira ƙwararren mai gyaran wuta. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce take ba su takardar shaida. Shi zai auna tsakanin mai kawo wuta da wayar ƙasa. Idan mitarsa ta nuna ƙasa da 230 sosai, akwai alamar wayar ƙasa ta katse. Daga nan zai mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har ya gano mai yoyon wuta. Ka tambaye shi game da na'urar da take katse wuta da zarar yoyon ya kai miliamfa 30.

Abu biyu kuma ka kiyaye. Idan fis ya ƙone, kada ka ɗaura masa waya mai kauri, domin gobara kake gayyata. Idan wuta ta riƙe wani, kada ka kama shi. Kashe makunni, ko ka raba shi da wayar da busasshiyar sanda, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke.

Sababbin kalmomi

makunni: abin kunna wuta da kashe ta
tsatsa: jan abin da danshi yake haifarwa a jikin ƙarfe
mahaɗi: wurin da abu biyu suka haɗu
yoyo: fitar abu kaɗan-kaɗan ta inda bai kamata ba
ƙwararre: wanda ya iya aikinsa sosai

Tambayoyi

1. Mene ne aikin wayar ƙasa?
2. Me ya sa sandar jan ƙarfe take iya gazawa da rani?
3. Me za ka yi idan wuta ta riƙe ƙanenka?

Aiki

Nemo jimloli huɗu a cikin darasin da suke ɗauke da kalmar "kada". Bayan haka rubuta naka guda biyar, kana gargaɗin wata ƙawarka ko wani abokinka game da wutar lantarki. Misali: Kada ki taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu.