Darasi: Ma'aji Tsakanin Amana da Zumunci

Kowane mutum yana da hanyarsa ta duban zaman duniya, ko ya yi makaranta ko bai yi ba. Masu ilimi suna kiranta falsafa. Abu uku ke gina ta: abin da mutum ya ɗauka da daraja, yadda yake rarrabe nagarta da mugunta, da kuma ƙa'idar aikin da aka danƙa masa.

A shekarar 1974 wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya taɓa koyarwa a Zariya, ya wallafa ɗan littafi a kan mutumin kirki. Ya lissafta halaye 10 da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Dukanmu mun yarda da su. Wuyar takan zo ne ran da biyu daga cikinsu suka yi karo.

Bari mu ɗauki misalin ma'ajin ƙungiyar manoma. Kuɗin takin zamani na gida 30 yana hannunsa, damina kuwa ta kusa. Sai ƙanensa ya zo, ɗansa yana asibiti, yana neman rance. Zumunci ya ce a ba shi. Kunya ta hana a ce a'a. Amana kuwa ta ce kuɗin ba nasa ba ne. In ya bayar a ɓoye, kuɗin bai dawo kan lokaci ba, taki zai makara, masarar gida 30 ta tsumbure, ƙungiya kuma ta watse.

Mai hikima ba zai kori ƙanensa ba. Zai sayar da akuyarsa, ko kuwa ya kira kwamiti ya roƙi rance a fili, a rubuta cikin littafi. Ya riga ya yanke a zuciyarsa cewa karamci da abin mutum ake yinsa, ba da na jama'a ba. Falsafarsa ke nan.

'Yan'uwa, mukan ce hali zanen dutse. Amma kaɗan kaɗan ake zanen, wajen awon mudu da biyan ladan ɗan ƙodago, 'ya'yanmu kuwa suna kallo.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Wane hali cikin 10 ɗin nan ya fi mana wuya?
2. Wace doka ƙungiyarmu za ta kafa don ta sauƙaƙa wa ma'aji?