Yadda A Kan Koya Wa Ɗaliban Zane Bincike

Hakimai da malamansu sun saba karɓar takardun sanarwa masu hoto, na rigakafi ko na takin zamani, su sa a manna a ƙofar fada da bakin kasuwa. Masu tsara irin waɗannan takardu a makaranta suke koyo. A Zariya an soma koyar da zane tun 1955, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Hannun yaro ya kan faɗa da wuri. Abin da ya fi wuyar shiga shi ne bincike, watau ya san mutanen da zai yi wa zane tun bai ɗauki alkalami ba.

Da fari a kan tura shi ga tsofaffin takardu, kamar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a 1939, ya ga yadda na da suka jera baƙaƙe da hotuna. Sa'an nan a tura shi ga masu sana'a, magina da marina da maɗinka. In ya kwafi aska takwas daga jikin riga, lalle ne ya tambayi sunanta da irin mutumin da ya kan sa ta, ya rubuta gari da rana. Ya kuma bincika ko boko aka fi karantawa a ƙasar ko ajami.

Amma babban darasi shi ne gwaji, a nan kuwa ake bukatar taimakonku. Ɗalibi ya kan kawo zanensa ƙauye ya nuna wa mutane ɗaya ɗaya, ba ya cewa kome sai, "Me ka gani?" A ce ya zana sauro ya cika takarda don a ga tsininsa. Manomi ya duba ya ce su kam ba su da irin wannan dabba a garinsu. To, zane ya ɓaci ke nan, gara kuwa a sani yau da a sani bayan an buga dubbai an raba.

Na ga inda malamin hakimi, don kirki, ya riƙa raɗa wa mutane ma'anar hoton, wai kada baƙo ya ji kunya. Yaron ya koma da murna, alhali bai samo kome ba. Saboda haka idan ɗalibai sun zo da takarda daga makarantarsu, a haɗa su da ɗan rakiya mai kame baki. Kada a yi gwajin a zauren hakimi, gama a can kowa zai yaba ne don ladabi. A kai su bakin rijiya da rumfar mahauta, a kuma nemi izinin masu gida domin ɗaliba mace ta shiga ta nuna wa matan kulle.